Babi Goma Sha Tara Da Suka Tafi Da Wayata A Sharaɗa

Da aka ce ni ne da rubutun wannan karon, na so in kawo gajeren labari kamar yadda na saba. Sai na ga akwai abin da ya fi shekara yana cina a rai, wanda nake ganin idan na faɗe shi wataƙila wani ya tsira daga abin da ya same ni.

Ga waɗanda ba su san ni sosai ba, na yi difloma a Poli ta Jihar Kano, yanzu kuma ina aikin sito a wani kamfanin robobi da ke Sharaɗa. Aikina shi ne ƙirga bokitai da butoci da kujeru, in rubuta abin da ya shigo, in rubuta abin da ya fita, in sa direba ya sa hannu a wayabil kafin mota ta bar ƙofa. Mako guda ina safe, mako guda ina dare. Wanda ya taɓa aikin dare a Sharaɗa ko Bompai ya san yadda yake: injina na ta ruri, amma mai aikin sito yakan yi awa biyu babu motar da ta zo lodi. A irin wannan lokacin na fara rubuta littafina na farko, da babban yatsa, a cikin manhajar ajiye rubutu da ta zo da wayar. Labarin wani matashi ne mai aiki a majemar fata a Chalawa. Na sha zuwa can wajen wani abokina ta hanyar Fanshekara, don in ga yadda ake jiƙa fata, in ji warin wurin da hancina, in ji yadda ma'aikatan ke magana a bakin ƙofa lokacin cin abinci. Wata goma sha huɗu na yi ina wannan aikin. Na kai babi goma sha tara, saura uku in kammala.

Wata ranar Alhamis bayan isha'i na tashi daga aiki, ina tsaye a bakin titi ina jiran ɗan sahu da zai kai ni Ɗorayi. Wayar na hannuna, ina sake karanta shafin da na rubuta da rana. Samari biyu suka tsaya a gabana, ɗaya ya ɗaga riga ya nuna mini abin da ke ƙugunsa. Ban yi gardama ba, na miƙa. Har yau ban yi nadamar miƙawar ba, kuma duk wanda Allah Ya jarraba da irin wannan ina roƙonsa ya miƙa, don mun san mutanen da aka rasa a garin nan a kan waya.

Da na isa gida, tunanin kuɗin wayar nake. Sai da na kwanta na tuna da littafin. Ban taɓa tura shi ko'ina ba. Ban ba kowa ya karanta ba, saboda ina jin kunyar a ga aikin da bai kammala ba. Manhajar da nake rubutun a ciki ba ta haɗe da kowane asusu, abin da ke cikinta yana cikin wayar ne kawai. Daren nan ban runtsa ba.

Da safe na tafi banki don a rufe asusuna. Kafin in isa an riga an sayi katin waya na naira dubu goma sha biyu da kuɗina. Na ce wa ma'aikaciyar ai wayata a kulle take, har da zanen yatsa. Ta ce, "Malam, ba wayar suke buɗewa ba. Layin suke cirewa su sa a wata waya." A ranar na fahimci cewa ɗan ƙaramin sim ɗin nan shi ne mukullin asusun banki, da WhatsApp, da kusan komai nawa, ni kuma na kulle ƙofar gida na bar mukullin a jiki.

Bayan mako guda wata matsalar ta taso. Wani dila ya kira ofis ya ce kayan da aka kai masa sun yi gibin dozin talatin na bokiti. Aka nemi kwafin wayabil ɗin da ke sito, aka tarar ruwa ya taɓa fayil ɗin, tawadar ta baje. Manaja ya ce idan ba a samu shaida ba daga albashina za a riƙa cira har a biya. Sai Hajiyar da ke ofishin akanta ta ce, "Kai, ba na ce ka riƙa ɗaukar kowace takarda kana sawa a Drive ba?" Gaskiya ne. Tun satin da na fara aiki ta matsa mini a kan haka, ina yi ina ƙunƙuni. Na zauna a kwamfutarta na shiga asusuna na Google, sai ga takardar, da kwanan wata, da lambar mota, da sa hannun direba a kan cikakken adadi. Magana ta mutu a wurin.

Kowa ya taya ni murna, amma ni na fito jikina a sanyaye. Takardun kamfani sama da ɗari huɗu na adana, babu wadda ta ɓata, saboda ina tsoron manaja. Littafina kuwa, wanda babu mai yi mini faɗa a kansa, na bar shi a wuri ɗaya kamar ƙwai a aljihu. Asusun da ya ceci albashina yana nan a wayar tsawon wata goma sha huɗun, da na juya babi ɗaya zuwa cikinsa ko minti guda ba zai ɗauke ni ba.

Tun daga lokacin na sauya yadda nake mu'amala da waya da kwamfuta. Ga abin da nake yi yanzu, ba don na fi kowa sani ba, sai don na biya kuɗin makarantar da tsada.

Na farko, rubutu. Yanzu a Google Docs nake yi. Kowane asusun Google yana zuwa da gurbin ajiya na gigabait 15 kyauta, shi kuma rubutu ba ya cin wuri: littafi sukutum bai kai nauyin hoto ɗaya mai kyau ba. Ana iya saita fayil ya buɗe ko babu data, ka yi rubutunka a sito ko a mota, da zarar ka kunna data ya tura kansa. Idan ka buɗe a kwamfuta yana nuna tarihin gyare-gyare, wato ko ka goge shafi bisa kuskure kana iya komawa yadda yake jiya. Wanda ya fi sabawa da WPS Office ko Microsoft Word ya ci gaba da abinsa, amma ya tabbatar ya shiga da asusu, ya kuma duba da idonsa cewa fayil ɗin yana bayyana a wata na'urar. Ban tsaya nan ba. Duk ranar Juma'a ina tura kwafi zuwa imel ɗin yayata, duk babin da na gama kuma ina kai shi shagon buga takardu a fitar mini a kan takarda. Wuri uku ke nan: intanet, hannun wani, da akwatina. Masu rubutu kai tsaye a WhatsApp ko a nan Facebook, ku ji tsoron Allah ku riƙa kwafewa. An sha rufe shafin mutum dare ɗaya, ko a ƙwace masa, shekarun rubutu su tafi.

Abu ɗaya da ya kamata a kula: tun farkon 2024, ajiyar WhatsApp ta masu Android tana cin wuri daga wancan gigabait 15 ɗin. Idan ka bar bidiyon biki da na barkwanci suna shiga ajiyar, wata rana za ka tarar gurbin ya cika, imel ma ya daina shigowa. Ka cire bidiyo daga cikin abin da ake ajiyewa.

Na biyu, kalmar sirri. Abin da ya cece ni a ofishin Hajiya shi ne na haddace tawa. Da yawanmu mai shagon waya ne ya buɗe mana asusun Google ranar da muka sayi waya, ba mu san adireshin ba, balle kalmar sirrin. Irin wannan asusun, ranar da waya ta tafi shi ma ya tafi. Yau ɗin nan ka duba naka, ka sauya kalmar, ka rubuta a takarda ka ajiye inda kake ajiye takardun makaranta. Ka ƙara da imel na biyu ko lambar wani na gida da ka yarda da shi a matsayin hanyar dawo da asusu, kada ya zama layin da ke cikin wayar shi kaɗai ne.

Na uku, layin waya. A cikin saitin tsaro na kowace waya akwai wurin kulle sim da lambar sirri. Idan ka kunna shi, duk wanda ya cire layin ya sa a wata waya sai an tambaye shi lambar. Amma a yi hattara: kuskure sau uku yana rufe layin, sai da lambar PUK da ke jikin babban katin da sim ɗin ya zo a ciki, wanda yawancinmu muke yarwa a ƙofar shago. Idan ba ka san lambar farko ta kamfaninka ba, kada ka yi ta canke, ka tambaya a ofishinsu. Sannan ka tambayi bankinka lambar da ake dannawa daga kowace waya a rufe asusu nan take, ka rubuta ka sa a jakar kuɗi. Da na san tamu a daren nan, da wayar ƙanena zan ara in rufe kafin su taɓa ko kwabo. Tun da aka fara haɗa layi da lambar NIN a ƙarshen 2020, dawo da layin da ya ɓata yana buƙatar a tabbatar kai ne mai shi, don haka wanda yake amfani da layin da aka yi rajista da sunan wani ya gyara tun kafin rana ta ɓaci. Ka kuma danna *#06#, lambar IMEI ta wayarka za ta fito, ka rubuta ta. Ita ake tambaya idan ka kai rahoto.

Na huɗu, WhatsApp. Akwai kulle na biyu a cikin saitin asusu, inda za ka zaɓi lamba shida taka ta kanka. Ni ban sa ba a lokacin, Allah ne Ya taimake ni na dawo da layina da wuri. Wani abokin aikinmu da aka ƙwace wa nasa, sai da aka karɓi kuɗi a hannun mutum huɗu da sunansa, ciki har da surukinsa. Shi ba a ma sace masa waya ba: kiransa aka yi aka ce za a sa shi a taron wata ƙungiya ta intanet, ya karanto lambar da aka turo masa. Duk lambar da ta shigo wayarka ta saƙo taka ce kai kaɗai, ko wanda ya kira ya ce daga banki yake.

Na biyar ya shafe mu marubuta kai tsaye, wato haruffa masu lanƙwasa. Har yanzu ana turo mana rubutu a taron ƙungiya da ba a bambance kafa da ƙafa, ko baki da baƙi, ko dari da ɗari. A Gboard, ka shiga saitin harsuna ka ƙara Hausa, za ka samu ƙ da ɗ da ɓ, a wasu wayoyin sai ka danne harafin ka riƙe. Idan allon yana sauya maka kalmomi zuwa Turanci, ka kashe gyaran kai tsaye. A kwamfuta ma Windows na da allon Hausa a cikin saitin harshe. Mai tace littafinka zai gode maka, kuma kuɗin tacewa zai yi sauƙi.

Na shida, wuta. Mutane na ɗauka mu ma'aikatan masana'antu ba mu da matsalar caji. Tun watan Afrilu na 2024 da aka mayar da kuɗin wutar rukunin A naira 225 kan kowane yunit, daga kusan naira 68, kamfanoni suka fara lissafin komai. A namu an cire yawancin soket ɗin da ake caji a ɗakin hutu, waɗanda suka rage kuma layi ake bi. Don haka na sayi fawa bank. Ga abin da mai sayarwa ba zai faɗa maka ba: mai 10,000 ba zai cika waya mai batir 5,000 sau biyu ba, saboda wani kaso yana lalacewa a hanya, ka sa ran sau ɗaya da ɗoriya. Wanda aka rubuta masa lamba mai ban tsoro amma ba shi da nauyi a hannu, kuma yana da arha, ka ajiye masa abinsa. Zafi ne babban makashin batir. A Afrilu da Mayu da Kano ke haura digiri 40, kada ka ɗora waya a kan inji ko a gaban mota, kada kuma ka riƙa kallon bidiyo tana caji. Abokina na Chalawa a leda mai zif yake sa tasa, saboda laima da sinadaran wurin sun cinye masa ramin caji har sau biyu. Mu a Sharaɗa ƙura ce, musamman da hunturu. Sau da yawa wayar da ta daina caji ba lalacewa ta yi ba, ƙura ce ta toshe ramin. A kashe ta, a share a hankali da tsinken sakace, ban da allura.

Na bakwai, data. Bayan ƙarin kashi 50 da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa a Janairun 2025, na zauna na duba inda tawa ke tafiya. Saitin waya yana nuna abin da kowace manhaja ta ci. Na tarar rubutu da bincike ba su ci ko kashi ɗaya cikin goma ba, sauran duk gajerun bidiyo ne. Na hana WhatsApp sauke hoto da bidiyo da kansa, na koma Facebook Lite, na hana Play Store sabunta manhajoji sai na ba shi izini. Don tura fayil tsakanin wayoyi biyu da ke kusa, Quick Share ko Xender sun isa, ba sa cin data. Files by Google kuma yana nuna maka tarkacen da suka cika waya.

Na takwas, manhajojin bashi. Duk wanda ya san ranar 20 ga wata a masana'anta ya san dalilin da ya sa ake sauke su. Wani yaro a sashen lodi ya ci dubu goma sha biyar, ya yi jinkirin kwana uku, sai ga saƙo a wayar kowa, har da manaja da limamin masallacinmu, ana kiransa ɓarawo. Lokacin da ya sauke manhajar ya ba ta izinin ganin lambobin da ke wayarsa, bai karanta ba. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta fara dirar wa irin waɗannan kamfanoni tun 2022, Google ma ya hana manhajojin bashi taɓa lambobi da hotunan mutane daga 2023, amma waɗanda ake turowa ta mahaɗi a WhatsApp ba su bi ta Play Store ba, babu dokar da suke bi. Ban da maganar ruwan da ke ciki, wadda kowa ya san hukuncinta. Adashinmu na sito ya fi mini rufin asiri. Ƙa'idata yanzu ita ce, manhajar tocila ko ta kalkuleta da ta nemi ganin lambobina ko saƙonnina, goge ta nake yi.

Na ƙarshe, sayen na'ura. Wayar da nake riƙe da ita yanzu ta hannu ce, a Farm Centre na saya. Na sa mai shagon ya rubuta mini rasit da lambar IMEI, na gwada ta da layi da IMEI ɗin da ke allo, na kuma tabbatar babu asusun wani a ciki. Wayar da aka tare ka da ita a bakin titi a rabin kuɗi, ka tuna da irina da ke tsaye a Sharaɗa da daddare: muddin akwai mai saye, ƙwace ba zai ƙare ba, kuma kai za a kama da ita. Mai neman kwamfutar hannu ta rubutu ba ya buƙatar mai tsada. Ka nemi mai RAM 8 da ma'ajiya irin ta SSD, ka cire caja a gaban mai shago ka ga yadda batirin ke sauka, ka danna kowane harafi. Ka tambaya ko tana ɗaukar Windows 11, don Microsoft ya sa 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ranar daina tallafa wa Windows 10. Idan ba ka da kuɗin Word, LibreOffice kyauta ne kuma yana buɗe fayilolinsa, ya fi maka kwafin sata da ake cusa wa ƙwayar cuta.

Za ku tambaya ina labarin littafin. Wata huɗu na yi ban rubuta ko layi ɗaya ba. Na daina zuwa taron ƙungiya, ina cewa aiki ne ya yi yawa. Wani dare Baba mai gadi ya leƙo sito ya tarar da ni ina zaune kawai, ya ce, "Ɗana, ina danne-dannen da kake yi?" Na ba shi labari. Ya ce shi ya yi shekara goma sha ɗaya a wata masaƙa a Bompai, ranar da aka rufe ta da jakarsa kawai ya fito, amma har gobe idan aka ba shi zare ya san abin da zai yi da shi. Ya ce, "Waya suka ɗauka. Kai da ka je Chalawar ai kana nan."

A daren na buɗe sabon fayil. Ba zan yi muku ƙarya ba, akwai wuraren da ba su dawo ba. Akwai wata hira tsakanin jarumin da mahaifiyarsa a babi na bakwai da na san na farkon ya fi, na yi ta ƙoƙari ban kamo ta ba. Wasu babukan kuma sun fi na da, don yanzu na san inda labarin ya dosa. Ina babi na goma sha shida, kuma kowane ɗaya yana wuri uku.

Roƙona ga duk wanda ya karanta har nan: kafin ka ajiye wayar, ka buɗe rubutun da ka fi so a cikinta, ko waƙa ce, ko labari, ko lissafin shago, ka tura shi wani wuri. Sannan ka kulle layinka. Allah Ya tsare mu da dukiyoyinmu, Ya shiryi matasanmu, Ya sa albarka a alƙalumanmu. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.